Aron Makwancin Muntari

Illela, Litinin, biyar saura kwata na asuba

Ladan bai yi kiran assalatu ba na fito da jakata tsakar gida. Sunana Ummaru, albasa nake sayarwa a kasuwar Illela, kuma kafin wannan tafiya iyakata Ikko ta kudu, Agadas ta arewa. Amurka kuwa ko a mafarki ban taɓa sa ta a lissafi ba. Inna ce ta tashe ni tsaye.

Na iske ta a ɗakinta zaune, ta jingina da bango, ƙafafunta a kumbure. Haka take kwana, wata goma sha huɗu ke nan. Ƙanena Muntari, autanta, ya yi shekara goma sha tara a Amurka yana tuƙa babbar mota, ciwon zuciya ya ɗauke shi, aka binne shi a can jihar Bajiniya. Inna ta yi haƙuri, har mutane suna yaba tawakkalinta. Sai wata rana bayan sadakar arba'in ta ji wani shirin tarihi a rediyo, ana cewa ƙasar Amurka da masu ita tun fil azal, Turawa ne suka zo ta teku, aka ba su masauki, suka ƙwace. Ta kashe rediyon ta dube ni.

"To wa anka tambaya kahin a gina mai kabari?"

Sai kun san mahaifinta za ku gane tambayar. Gonarsa a Amarawa tana bakin tsohuwar hanyar fatake. In baƙo ya rasu a zango, mutanensa ba sa sara ƙasa sai sun zo da goro sun durƙusa gabansa sun roƙi aron makwanci, shi kuma ya ce, "Na ba shi, duniya da lahira." Da wannan Inna ta tashi. Limaminmu ya zo da kansa ya gaya mata ƙasa ta Allah ce, babu laifi a kan mamaci. Ta ce, "Malam ya karanta, ni na gani." Tun ranar ta daina hawa gado. Wai ɗanta yana kwance inda ba a ba shi ba, ita ba za ta miƙe ƙafa bisa katifa ba. Likita ya ce in ta ci gaba da kwanan zaune, ƙafafun nan za su kai ta inda ba ma so.

Ta miƙo mini 'yar ƙwarya cike da goro ɗari, fari da ja, an rufe da faifan da ta ɗinka da hannunta tun idonta yana gani sosai. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana.

"Kai wanga, ka nemi masu ƙasa. Ka gaishe su, ka ba su haƙurin jinkiri, ka roƙa mai aro. Abin da sunka ce, shi za ka kawo min."

Na ce to. A zuciyata kuwa cewa nake, ina zan ga masu ƙasa a Amurka, ni da ko Turancin kirki ba na ji?

Illela zuwa Sakkwato, kilomita tamanin da 'yan kai

Mun yi sallah a tasha, mota ta tashi shida saura minti ashirin, kujerar gaba naira dubu biyar. Direban mutumin Tozai ne, ya sanni, ya ga ƙwarya a cinyata.

"Alhaji, ina zuwa da wanga shiri?"

"Amurka."

"Mi? Albasa ta yi kwantai a Ikko?"

Duk motar aka yi dariya, har da ni. Na ƙirga shinge goma sha ɗaya kafin Kware. A na Gwadabawa wani jami'i ya ɗaga faifan ya leƙa, ya ce biki ne? Na ce gaisuwa ce. Ya mayar da faifan yadda ya same shi, ya ce Allah ya kai mu lafiya. Gari yana wayewa, gero ya nuna a gonaki dama da hagu, ni kuma gyangyaɗi yana ɗaukata yana ajiyewa.

Bakwai da rabi na sauka gidan Alhaji Sambo, surukin Muntari, tsohon ma'aikacin gwamnati mai son magana a taƙaice. Muka karya da kunu da ƙosai. Da zai raka ni filin jirgi ya rage murya.

"Ummaru, kak ka biye ma tsohuwa. Ka yi ziyara, ka ga marayu, ka dawo ka ce an yahe. Wa za shi ƙaryata ka?"

Kunya ta kama ni. Wallahi abin da na ƙulla ke nan tun a gida.

Sama, Litinin zuwa Laraba

Sakkwato zuwa Abuja awa ɗaya da 'yan mintoci. Na kwana gidan wani abokin ciniki, Talata da azahar muka tashi zuwa Adis Ababa, daga can muka shiga jirgin da ya riƙe mu kusan awa goma sha bakwai. Wannan zangon ban san yadda zan ba ku labarinsa ba. Agogon hannuna yana faɗin wani abu, taga tana faɗin wani. Na yi salloli a zaune, na ci shinkafar da ba ta da gishiri, na yi barcin da ba barci ba.

Da gari ya yi haske na leƙa, babu komai a ƙasa sai ruwa, ruwan da ba shi da gaɓa. Na tuna maganar rediyon Inna, na yi ta kallo ko zan hango jiragen katakon da Turawan suka zo da su, da tufafinsu na kama iska. Can sai na ga kamar ayarin raƙuma ne ke tafiya bisa ruwan, kakana yana tsaye a bakin gonarsa yana jiran su. Na farka mai raba abinci tana tambayata shayi ko kofi.

Washinton, Laraba, takwas da rabi na safe

A nan goron Inna ya ƙare tafiyarsa. Wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna kusa da jakata, jami'in da ke riƙe da shi ya ce in buɗe. Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba. Ya nuna mini da hannu cewa ɗanyen abu mai ganye ba ya shiga. Na roƙa da Hausa, na roƙa da Faransancin kasuwar Konni, har na ce ya bar mini ko ɗaya tak. Ina! Ya juye goro ɗari a wata leda, ya miƙo mini ƙwarya da faifai. Gemuna da furfura na tsaya a wurin ina share ƙwalla.

Rabi tana jirana a waje. Ita ce matar marigayi, 'yar Alhaji Sambo, ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a can. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar a zauren gidanmu, mutane suna ta wucewa suna kallo.

"Yaya, sannu da hanya. Mi yas same ka, idonka ja?"

"Sun karɓe goron Inna."

Ta buɗe baki za ta yi dariya, sai kuka ya riga ta.

Daga filin jirgi zuwa Richmond inda suke kilomita ɗari da casa'in ne, muka yi awa biyu da kwata. Kaka ce a wurinsu. Ban taɓa sanin ganye yana yin irin wannan launi ba, wani ja, wani rawaya, wani kamar an tsoma a lalle, daji bayan daji babu iyaka. Babu shinge ko ɗaya, babu mai talla, babu akuya. Na ce, "Rabi, ina mutanen?" Ta ce suna cikin motoci. Na jingina kaina da gilashi, bishiyoyin suna wucewa, ban san lokacin da muka iso ba.

Maƙabarta, Alhamis da hantsi

Minti ashirin da biyar ne daga gida. Fili ne mai ciyawa a bayan gari, Musulmin yankin suka haɗu suka saya, wani ɗan rafi yana bi ta gefensa. Kabarin Muntari yana layi na huɗu, ƙarƙashin wata doguwar bishiya. Na yi masa sallama, na yi addu'a, na gaya masa Inna tana gaishe shi. Na tuna shi yana ƙarami yana bina kasuwa a kan jaki, yana cin ɗanyar albasa kamar rake. Na yi kewarsa a wurin nan fiye da ranar da aka yi mana waya.

Da muka koma mota Rabi ta ce, "Yaya, ka hwaɗa ma Inna wurin halas na. Saye anka yi, da takarda."

"Daga wa?"

"Daga wani manomi."

"Shi daga wa?"

"Gado yac ci."

"Kakansa hwa?"

Ta tayar da mota. Can ta ce, "Kai ma ka zama Inna." Gaskiyarta. Tun da na ga kabarin, ƙaryar da na taho da ita ta fara yi mini nauyi a ciki.

Jamestown, Asabar, kilomita casa'in

Rabi ta ce in masu ƙasa muke nema, mu fara daga inda Ingilishi suka fara kafa gari, shekara ɗari huɗu da ɗoriya. Mun tashi tara, muka isa goma da 'yan mintoci. Wuri ne a bakin wani kogi mai faɗi, ka ɗauka teku ne, hazo yana kwance a kansa. An sassaƙa irin jiragen da suka zo da su an ɗaure a gaɓa. Kai jama'a! Ƙaramin cikinsu tirelar albasa ta fi shi tsawo. A cikin wannan abin mutane suka ƙetare ruwan da na gani ta taga.

Rabi tana karanta allunan bayani tana juya mini. Da suka sauka ba su iya noman ƙasar ba, yunwa ta kama su suna mutuwa, masu ƙasa ne suka riƙa kawo musu masara a kwanduna. Na tsaya. Masara? Ta ce e, masara tasu ce tun asali, daga wannan nahiyar ta bazu duniya. Ashe tuwon da muke ci a Illela ma daga hannunsu ya fito. Daga baya baƙin suka gano taba tana kawo riba, taba kuwa tana cinye ƙarfin ƙasa, kowace 'yar shekara sai an sari sabuwar gona. Gona tana cin daji, daji yana ƙarewa, aka fara faɗa. Masu ƙasa suka kai farmaki suka kashe da yawa, baƙi suka rama suna ƙone garuruwa da gonakin masara ana dab da girbi. Abin da bindiga ta bari, cututtukan da suka zo a jirgi irin su agana suka kwashe.

A wani ɗakin an nuna yadda daga baya Ingilishi da Faransi suka gwabza da juna a kan ƙasar, can arewa, kowa ya jawo wasu ƙabilun suna mutuwa a yaƙinsa. Na ce, "Tsaya, Rabi. Ingilishi da Faransi? Su dai namu?" Ta ce su. Na yi dariyar da ba ta daɗi ba. Su biyun nan ne suka ja layi tsakanin Illela da Konni, yau in zan je ta'aziyya gidan ƙanwar Inna sai na ƙetare ƙasa, na canza naira zuwa sefa. Ashe sun daɗe suna wannan sana'a kafin su iso mu.

Yanzu ga abin kunyar da na yi, ku yi dariya, na yafe. A waje an gina irin ƙauyensu na da, bukkoki na tabarma masu kama da rugar Fulani. A gaban ɗaya na ga wani dattijo sanye da fatar barewa, yana ƙona cikin gungume zai yi kwalekwale. Na cire takalma, na durƙusa, na ajiye ƙwarya a gabansa, na fara isar da saƙon Inna tun daga gaisuwa. Rabi tana jan rigata, ni ina cewa ta bari in ƙare. Mutumin ya yi tsuru da ido. Da ta yi masa bayani fuskarsa ta yi ja, ya ce shi ma'aikaci ne, biyar na yamma yake cire fatar ya tafi gida, kakanninsa ma daga Turai suka zo. Amma bai yi mini dariya ba. Ya ce mutanen da nake nema suna nan da ransu, ya zana wa Rabi hanya a bayan tikiti.

Bakin kogi, Litinin

Daga Richmond kilomita sittin da biyar ne, amma hanyar ƙarshe siririya ce, muka yi awa ɗaya da minti ashirin. Mun wuce gonakin masara da aka girbe, muka tsallake layin dogo, sai ga wani allo da ke cewa an shigo ƙasar ƙabilar. Ita ke nan abin da ya rage musu, wani ɗan lungu da kogi ya kewaye, ko Amarawa da gonakinta bai kai ba. Gidaje ne irin na kowa, da motoci a ƙofa, da ƙaramar majami'a fara. Shiru, sai kukan agwagin ruwa.

A wata rumfa muka iske tsohuwa tana murza yumɓu. Ta haura tamanin, da tabarau, da rigar sanyi, da wando. Sunanta Marta. Ni da nake zaton gashin tsuntsu a ka, sai na ga mace kamar ungozomar asibitin Illela. Wannan karon na bar Rabi ta fara tambaya. Da ta tabbatar 'yar ƙabilar ce, na cire takalma na durƙusa.

Na faɗi saƙon yadda aka ba ni, Rabi tana juyawa. Na gaishe ta a madadin Inna. Na ba da haƙurin jinkiri. Na ce ƙanena yana kwance a ƙasarku ba da izininku ba, uwarsa ta aiko ni roƙon aron makwanci. Na ce da goro na taho aka karɓe a hanya, ga abin da ya rage, na tura mata ƙwarya da faifai ina jin kunya kamar in nutse.

Marta ta ajiye yumɓun. Ta goge hannunta, ta ɗauki faifan tana bin ɗinkin da yatsa, zagaye bayan zagaye.

"Kakata tana irin wannan da ciyawar kogi," in ji ta. "Wa ya yi?"

"Mai saƙon."

"Shekara nawa gare ta?"

"Kamar ke."

Ta cire tabarau. "Mutane suna zuwa nan da yawa. Suna ɗaukar hoto, suna tambayar ko ni ta gaske ce. Wasu suna kuka su ce a yafe musu, su shiga mota su tafi da sauƙin zuciya. Ban taɓa ganin wanda ya zo neman izini ba. Tashi ka zauna a kujera, gwiwarka ba ta yaro ba ce."

Ta shiga gida ta fito da wainar masara mai zafi da soyayyen kifi. Ta ce, "Ka gani, har yau ba mu yi hankali ba, muna ciyar da baƙi." Muka ci. Ta ba mu labarin yadda kakanninta suka yi sulhu da baƙin bayan an ci su da yaƙi, aka bar musu wannan lungun, har gobe kowace kaka suna kai wa gwamna barewa don kada a ce yarjejeniyar ta mutu. Harshensu ya tafi, sai 'yan kalmomi. Tana magana hazo yana tashi daga kogin, ni kuma muryarta da ta Rabi suna haɗuwa a kunnena, har na rasa a wace rumfa nake zaune, ta nan ko ta Amarawa.

Sai ta tambayi inda kabarin yake. Rabi ta kwatanta mata rafin. Fuskarta ta canza.

"Wannan ba wurinmu ba ne. Wasu 'yan'uwanmu ne suke can, sarkinmu ɗaya da su. An ƙone garinsu tun farko-farko, waɗanda suka tsira suka watse. Sunansu yana jikin allon wani titi. Babu wanda zai amsa maka a madadinsu."

Na ajiye wainar da ke hannuna. Na zo tun daga Illela, na sami ƙofa, ashe masu gidan sun mutu. Na ga Inna jingine da bango. Maganar Alhaji Sambo ta dawo mini, wa zai ƙaryata ka? Na ce wa Rabi ta gaya mata gaskiya: tsohuwar da ta ɗinka faifan nan wata goma sha huɗu ba ta kwanta ba, kuma ni ba zan iya yi mata ƙarya ba, na gwada a zuciyata na kasa.

Marta ta juya faifan a hannunta. Ta ce, "Gobe ku zo ku ɗauke ni. Ba na tuƙi yanzu."

Maƙabarta kuma, Talata, sha ɗaya na safe

Marta ta roƙi Rabi aron gyale ta rufe kanta. Ta tafi a hankali da sandarta har layi na huɗu, ta tsaya tana kallon rafin, ba kabarin ba. Ganye yana ta sauka a kanmu. Sannan ta juyo gare ni, ta ce Rabi ta juya maganar daidai, kada ta gyara.

"Ka gaya wa mahaifiyarka ban yafe ƙasar nan ba. Ba ni da ikon yafewa, kuma ko ina da shi ba zan yi ba. Amma waɗanda suka tsira daga nan wurinmu suka gudo, jininsu yana cikin namu, ni ce mafi kusa da za ka samu. Tsawon mutum ɗaya da faɗinsa, wanda uwarsa ta aiko a tambaya, wannan zan iya bayarwa. Na ba shi."

Ta sunkuya ta dafa ciyawar, ta faɗi wata kalma ɗaya da harshensu. Na tambayi ma'anarta. Ta ce da ita ake yi wa baƙo maraba, tana cikin 'yan kalmomin da suka rage, kuma ita kakanninta suka faɗa wa masu jiragen katako. Ta ce ita ba ta taɓa faɗa wa kowa ita da zuciya ɗaya ba sai yau. Rabi ta zauna a ƙasa tana kuka. Ni ma ban tsaya ɓoye nawa ba.

Da muka mayar da ita gida ta ɗauko wata 'yar tukunya baƙa, cikin tafin hannu biyu, ta yumɓun bakin kogin, wadda ta gina ta goge da dutse har tana sheƙi. Ta ce a kai wa mai faifai. Faifan kuwa na bar shi rataye a bangon rumfarta.

Komawa

Na ƙara kwana tara wurin marayu. Tukunyar na naɗe ta da rawanina na riƙe a cinya tun daga Washinton har Abuja, ko bayi zan shiga da ita nake zuwa. Babu karen da ya kula ta. Na kwana Sakkwato, Alhaji Sambo ya ce, "To, ka shirya abin da za ka ce?" Na ce an shirya mini. Asabar da hantsi na shiga motar Illela, shingen nan goma sha ɗaya suna nan inda na bar su, an fara yankan gero. Sha biyu da rabi ɗan kabu-kabu ya sauke ni ƙofar gida.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Rabi, Allah ya raya miki marayu. Mutumin fatar barewa, Allah ya saka. Marta kuwa, ban san addu'ar da ta dace da ita ba, na bar wa wanda ya san zukata.

Inna tana nan inda na bar ta, jingine da bango. Na durƙusa, muka gaisa, ba ta tambaye ni gajiya ba.

"Ka same su?"

"Na samu guda. Tsohuwa ta, kamar ke."

"Ta karɓi goro?"

"An karɓe goro a hanya. Hwaihwanki tak karɓa."

Ta ɗago ta dube ni. "Ta yahe ƙasar?"

Na ce, "A'a, Inna. Ta ce ba ta yahe ba, ba ta kuma yahewa. Tsawonai da hwaɗinai kaɗai tab ba shi."

Na zaci za ta karaya. Sai na ga ta gyaɗa kai.

"Ɗiyar halas ta. Haka baba ka yi, makwanci shika badawa, ba gona ba. Da ka ce min ta yahe duka, da na san ƙarya kaka yi."

Na warware rawani na sa mata tukunyar a hannu. Na ce da yumɓun ƙasarsu tsohuwar ta gina ta. Ta shafa ta ciki da waje, ta ce a zuba ruwa. Matata ta ɗebo daga randa ta zuba. Inna ta kai tukunyar hancinta ta daɗe tana shaƙar ƙamshin jiƙaƙƙen yumɓu, idonta a rufe, leɓenta yana motsi. Ta kurɓa sau uku, ta ajiye ta a gefen matashi.

"Kai wanga, kama ni."

Na kama ta, ba ta da nauyi ko kaɗan. Na ɗora ta bisa gado, na ɗaga mata ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Ta juya ta kwanta a hannun dama, ta fuskanci gabas, nan take barci ya ɗauke ta. Ana kiran azahar a masallacin unguwa, matata ta ce a tashe ta sallah. Na ce a bar ta tukuna, akwai sauran lokaci.